Fim ɗin da ke fara shiga silima da wanda ke faɗowa gida kai tsaye: amsa ga ƙanenmu na Tawa

Ƙanena, tambayarka biyu ce cikin ɗaya. Ka ce kusan kowace Litinin kana ganin ana yaɗa cewa fim kaza na Amurka ya tara miliyoyin kuɗi cikin kwana uku, amma sai ka yi wata da watanni bai iso inda za ka kalle shi a gida da hoto mai kyau ba. Shi kuwa fim ɗin Kano, ranar da aka ce ya fito, ranar yake cikin salularka, kuma ba ka taɓa jin an ce ga abin da ya tara ba. Kana son sanin wane tsari ya fi, da yadda mutum zai gane lokacin da sabon fim zai sauko gida. Bari in ajiye maka su gefe da gefe. Duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi.

Mu fara da asalin kowanne, don nan bambancin ya samo tushe. Fim ɗin Amurka a silima aka haife shi, gida daga baya ya samu. Shekaru da dama ana yi, sannan kaset ya zo, DVD ya shiga kasuwar Amurka a 1997, Blu-ray ya biyo a 2006. Duk lokacin da sabuwar hanya ta fito, kamfanonin sai su jera ta a bayan silima, su ce ta jira. Namu kuwa a gida aka yanke masa cibiya. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset ya fito. Living in Bondage na kudancin Najeriya, a 1992, shi ma kaset ne. Lokacin da Sangaya da Wasila suka cika gidajenmu, har muka riƙa kiran abin gaba ɗaya Dandalin Soyayya, a kaset suka shigo mana. Daga Ƙofar Wambai kaya ke tasowa, su ratso Maraɗi ko Ƙonni, su shigo hannun ƴan haya. Saboda haka in ka ji an ce fim ɗin Hausa ba ya da lissafin silima, ba gazawa ba ce. Tun farko ba a kan wannan ma'auni aka gina shi ba.

To, shi wannan lissafi da ke burge ka, me yake aunawa? Kuɗin tikitin da mutane suka biya a bakin ƙofa, shi ke nan. Avatar na 2009 ya tara wajen dala miliyar 2.9, shi ne a sama har yanzu. Avengers: Endgame na 2019 yana bin sa da kusan miliyar 2.8, kuma a ƙarshen makonsa na farko kaɗai ya haura miliyar 1.2 a duniya. Dala miliyar 1 ta fi sefa miliyar 500, ka ga kuwa dole kai ya yi nauyi. Sai dai ba riba ba ce. Masu gidajen silima na riƙe kusan rabi, a Sin kuma kamfanin waje wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake samu. Kai ɗan Adar ne, ka san kuɗin da aka sayar da buhun albasar Galmi a Abijan ba shi ke shiga aljihun manomi ba; akwai mai mota, akwai dillali, akwai hanya. Bayan an cire rabon silima, sai a cire kuɗin shirya fim, sannan kuɗin talla, wanda a manyan fina-finai kan haura dala miliyan 100 shi kaɗai. Shi ya sa masu harkar ke cewa sai fim ya ninka kuɗin shirya shi sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara murmushi. Indiana Jones na 2023 ya tara wajen dala miliyan 380, adadin da in ka ji shi kawai sai ka ce an ci kasuwa, amma an kashe kusan miliyan 300 wajen shirya shi, don haka asara aka tafka.

A ɓangaren Kano kuma lissafin zamanin kaset na da nasa salo. Furodusa ya gama fim, ya buga kwali, ya kai wa ƴan kasuwa. Su ke buga kaset ɗin, shi kwalinsa yake sayarwa. Yawan kwalin da ya tafi shi ne ma'aunin cin kasuwa, kuma wannan adadi tsakanin furodusa da ɗan kasuwa yake, ba jaridar da ke wallafa shi kowane mako. Da sede ya zo, buga na bogi ya yi sauƙi. Da salula mai kati ta zo, sai kasuwar ta ruguje ɗungurungum, domin da kuɗin da bai kai na kofin shayi da burodi ba za a cika maka kati da fina-finai, wanda ya sha wahalar shirya su kuma ko tamma ba ta isa gare shi. Abin da ya ceci sana'ar shi ne tele da YouTube. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya koya wa mutane jiran ci gaba mako-mako, sai Izzar So da Labarina suka zo a 2020 suka tabbatar da cewa mai dogon zango ne ke riƙe ƴan kallo. Yanzu abin da ya maye gurbin kwali shi ne lambar da ke ƙarƙashin bidiyo, wato sau nawa aka kalla.

Ita ma wannan lamba kada ta ruɗe ka. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka, amma farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Kallo miliyan ɗaya daga Tawa da Kano da Damagaram ba ya kawo abin da kallo miliyan ɗaya daga Amurka ko Faransa zai kawo, ko kusa. Shi ya sa kake ganin an cusa tallar atamfa, da maganin gargajiya, da filaye a tsakiyar shiri har ranka ya ɓaci. Da ita ake biyan ƴan wasa. Kuma duk wanda aka tura wa shirin a kati ko ta WhatsApp, ba ya cikin ƙidaya sam. A ganina rabin masoyan fim ɗin Hausa a ƙauyukanmu ta nan suke kallo, amma wannan hasashena ne, kuma matsalar ke nan: kowa hasashe yake yi. Ba'amurke na iya gaya maka ranar Lahadi da yamma nawa fim ɗinsa ya tara daga Juma'a. Bahaushe mai fim sai dai ya ji ana maimaita maganar jaruminsa a fada, ya gane abin ya shiga.

Yanzu ga inda lissafin silima ke da amfani gare ka kai da ba za ka shiga silimar ba, kuma nan nake son ka tsaya da kyau. Shi ke nuna maka yaushe fim zai sauko gida. A da, al'adar Amurka ita ce a ba gidajen silima wajen kwana 90 su kaɗai. Korona ta karya wannan. A Afrilun 2020 kamfanin Universal ya saki Trolls World Tour kai tsaye zuwa gidaje, masu silima suka tada jijiyar wuya, daga baya aka sasanta a kan kwana 17. A sasantawar ta 2020 an ce in kuma fim ɗin Universal ya buɗe da dala miliyan 50 ko fiye a Amurka, a ba shi kwana 31. Warner ta sako dukkan fina-finanta na 2021 a silima da intanet rana ɗaya, ta ga bai fisshe ta ba, ta janye. Yawancin sauran suka tsaya a wajen kwana 45. Amma waɗannan mafi ƙarancin wa'adi ne. In fim na kawo kuɗi, ba mai gaggawar sauke shi.

Dubi yadda abin ya gudana. The Fall Guy ya shiga silima 3 ga Mayun 2024, bai yi abin da aka zata ba, ranar 21 ga watan har ya iso gida. Barbie, wanda ya tara sama da dala miliyar 1.4, ya fito 21 ga Yulin 2023, sai 12 ga Satumba aka fara sayar da shi ta intanet. Inside Out 2 ya fito 14 ga Yunin 2024, ya sauko 20 ga Agusta. Top Gun: Maverick daga 27 ga Mayun 2022 sai 23 ga Agusta. Avatar na biyu daga 16 ga Disamban 2022 sai ƙarshen Maris na 2023. Oppenheimer kuwa, da yake daraktansa Christopher Nolan mutum ne mai kafewa a kan sai an ga aikinsa a babban allo, wata huɗu cur ya yi, daga 21 ga Yuli zuwa 21 ga Nuwamban 2023. Ka ga ƙa'idar da kanka: in ka ji an ce fim ya faɗi a makon farko, shirya masa wuri nan da sati uku ko huɗu, in ka ji yana ta karya tarihi, ka ba shi wata biyu zuwa huɗu ka huta da leƙe.

Kuma saukowa gida hawa-hawa ce. Matakin farko haya ko saye ta intanet da tsada, wajen dala 20 zuwa 30 a Amurka. Sai faifai. Sai kuma dandalin da ake biyan abonma na wata, wanda shi ne na ƙarshe: Barbie sai Disamba ya shiga Max, Avatar na biyu sai Yuni ya shiga Disney+. Mu kuma muna da ƙarin jira guda biyu da Ba'amurke bai san da su ba. Na farko harshe. Mafi yawanmu Faransanci muke jira, a Faransa kuma doka ce ta tsara jerin: wata 4 kafin faifai da hayar intanet, Canal+ wata 6 bisa yarjejeniyar 2022, sauran dandali su biyo baya. Shi ya sa wani lokaci kwafin farko mai Faransanci da ke yawo, in ka kasa kunne, za ka ji lafazin ya yi maka baƙo. Fassarar Kanada ce, ta Faransa ba ta fito ba tukuna. Na biyu, ba kowane dandali ke buɗe mana ƙofa ba. Netflix ya iso nan tun Janairun 2016 lokacin da ya bazu ƙasashe 130 a tashi ɗaya, ga wanda ke da katin banki da intanet mai ƙarfi. Disney+ kuwa da ya shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen Larabawa na arewa ya nufa, jerin bai haɗa da Nijar ba.

Abin da ke isowa wurin masu turawa kwana biyu bayan fitowar fim, wanda hotonsa ke karkace, kan wani ke giftawa, ga tallar caca na yawo a kan allo, da kamara aka sace shi cikin silima. Ni dai ba na ba kowa shawarar ɓata megarsa a kai. Bayan haƙƙin masu shi, kai kanka ka cuci kanka, don fim ɗin da aka kashe miliyoyi a kan sautinsa ka ji shi kamar daga cikin rijiya, kuma in na gaskiyar ya zo ka riga ka san ƙarshe.

Fim ɗin Indiya kuwa yana tsakanin na Amurka da na Kano. Na harshen Hindi galibi sati 8 yake yi kafin ya hau intanet. Jawan na Shah Rukh Khan ya fito 7 ga Satumban 2023, ya shiga Netflix 2 ga Nuwamba. Pathaan daga 25 ga Janairu zuwa 22 ga Maris na shekarar. Na kudancin Indiya sukan fi saurin sauka. Daga nan ne masu fassara irin su Algaita ke samun hoto mai tsabta su ɗora Hausa, don haka in kana jiran Indiya-Hausa, ƙara wasu kwanaki a kan sati takwas ɗin.

Fim ɗin Kano ba ya da wannan tsani ko kaɗan, ko in ce tsaninsa gajere ne. Mai dogon zango kan fito a tele da dare, ya hau YouTube a daren ko washegari, kai da ke Tawa da wanda ke Fagge ku kalla kusan lokaci ɗaya. An gwada bin hanyar Amurka. Da aka buɗe silima a Ado Bayero Mall, furodusoshi irin su Ali Nuhu da Abubakar Bashir Maishadda sun riƙa kai sababbin fina-finai can, musamman da Sallah, kafin a sake su. An kuma kafa Northflix don a riƙa biya ana kallo ta intanet. Ƙoƙari ne mai kyau, amma allo ɗaya ko biyu a gari guda ba sa riƙe masana'anta. Ko a kudancin Najeriya, inda gidajen silima suka fi yawa kuma ƙungiyar masu su ke fitar da lissafi, sai da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya fito a Disamban 2023 aka samu fim ɗin gida na farko da ya haura naira miliyar 1, wato wajen dala miliyan 1 a lokacin. Abin alfahari ne ƙwarai, amma ka ajiye shi kusa da dala miliyar 2.9 na Avatar ka ga tazarar kasuwa. Mu nan Yamai, CanalOlympia da aka buɗe a 2017 kujera 300 aka yi mata. Ko a cika ta safe da yamma, ba ta sauya lissafin kowa a Los Angeles.

Sai batun kyau, wanda na san shi ne a ƙasan ranka ko da ba ka faɗa ba. Yawan kuɗin silima ba ya nuna fim ya yi kyau, yana nuna an tallata shi da kyau, an sake shi a gidaje dubbai, kuma mutane sun riga sun san sunan. The Shawshank Redemption ya fito a 1994, an kashe dala miliyan 25, bai mayar da kuɗinsa a zagayen farko ba. Kaset ɗin haya da tele ne suka raya shi, yau kuwa ana sa shi cikin waɗanda aka fi so a duniya. Encanto na 2021 ya yi tafiyar hawainiya a silima, da ya hau Disney+ a jajibirin Kirsimeti yara suka ɗauke shi suka cika duniya da waƙoƙinsa. KPop Demon Hunters na 2025 ma baya ya ba silima: a Netflix ya fara, ya zama fim ɗin da aka fi kallo a tarihin dandalin, sannan aka kai shi silima mutane suka biya don su yi waƙa tare. Wato hanyar da Kano ta bi don dole, yanzu manyan na bin ta da gangan. Ne Zha 2 kuma ya haura dala miliyar 2 a 2025, kusan duka daga cikin Sin, alhali a fadarku ƙila ba wanda ya taɓa jin sunansa. Lambar na gaya maka abin da wasu mutane a wata ƙasa suka biya, ba abin da zai yi maka daɗi bayan sallar isha ba.

Akwai abu guda da tsarin faifai ya fi YouTube da Netflix duka, shi ne abin da ka saya naka ne. Kasuwarsa na mutuwa, gaskiya ne. Netflix ta daina aika DVD ta gidan waya a Satumban 2023, kantunan Best Buy suka daina sayarwa a 2024. Duk da haka da Oppenheimer ya fito a faifan 4K sai da ya ƙare a kantuna. In wani zai sayo maka daga waje, ka kula, ana kulle faifai don ya yi aiki a na'urorin yankinsa kawai: DVD na Faransa yanki na 2 ne, na Amurka na 1, mu muna na 5, kodayake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tambaya. Blu-ray kuwa mu da Turai yanki ɗaya muke, B. Wannan magana ta adana fim tana ci mini rai saboda namu na gida. Moustapha Alassane a Tawa ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, mutumin da ya yi fim ɗin zane tun shekarun 1960, lokacin da kusan ba wanda ke yi a Afirka. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972 da Le Wazzou polygame. Tambayi samarin unguwarku nawa suka taɓa ganin ko ɗaya. Waɗannan sun bi hanyar bukukuwa da babban allo, suka ci kyauta, amma ba a yi musu kasuwar gida ba. Tsoffin fina-finan Kano da ba su ci kyautar kowa ba kuwa, uwarka na iya rera maka waƙoƙinsu yau.

In ka matsa sai na zaɓa: ga mai kallo a Tawa, tsarin Kano ya fi nesa ba kusa ba, don da harshensa ne, ranar fitowa yake samu, kuma mega kawai zai saya. Ga mai shirya fim, tsarin Amurka ya fi, domin yana sayar da abu ɗaya sau huɗu, a silima, a haya, a faifai, a abonma, kuma kowane mataki da ƙidayarsa, da ita yake zuwa neman jarin fim na gaba. Namu sau ɗaya yake sayarwa, da arha, shi ya sa labarin da zai ƙare a awa biyu ake jan sa zango bayan zango har a manta inda aka faro.

Game da waɗanda ka ce kana jira: The Odyssey na Nolan ranar 17 ga Yulin 2026 aka sanya masa, kuma in an bi sawun Oppenheimer kada ka neme shi a gida kafin wajen Nuwamba. Toy Story 5 an ba shi 19 ga Yunin 2026, ka lissafa masa wata biyu da ƴan kwanaki kamar Inside Out 2. Avengers: Doomsday an ɗaga shi zuwa 18 ga Disamban 2026, wanda ke nufin hoto mai tsabta sai cikin 2027, mai Faransancin Faransa kuma ka ƙara masa haƙuri. Kamfanonin kan matsar da ranaku, don haka ranar da fim ya shiga silima da gaske, daga nan za ka fara ƙirga.